Ku Tambayi Anti: Kuɗin Cefane Ya Daina Kai Wata

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu huɗu, ga ƙanin maigida yana zaune tare da mu. Kuɗin cefanen da ake ba ni bai canza ba tun bara, amma yanzu kafin mu shiga mako na uku ya ƙare. Idan na yi magana sai maigida ya ce ai an faɗa a labarai cewa hauhawar farashi ta ragu, don haka ni ce ba ni da tattali. Allah Ya sani ban taɓa cire komai don kaina ba. Yaya zan fahimtar da shi ba tare da mun ɓata ba? Daga wata uwar 'ya'ya huɗu.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na yarda da ke, kuma na ji zafin maganar, domin a zargi mace da almubazzaranci alhali dare da rana tana lissafin yadda tukunya za ta ɗoru abu ne mai ciwo. Sai dai maigidanki ma ba ƙarya ya yi ba. Ya ji labarin daidai, fassarar ce ta kuɓuce masa.

Idan aka ce hauhawar farashi ta ragu, ba a ce kaya sun yi sauƙi ba. Cewa aka yi saurin tashinsu ya ragu. A ce abin da kike saya 100 ne. Bara farashi ya tashi da kashi 30 cikin ɗari, ya koma 130. Bana aka ce hauhawar ta sauka zuwa kashi 15. Wannan 15 ɗin a kan 130 za a ɗora ta, sai kayan ya kusa 150. Labarai sun ce an samu sauƙi, ke kuma kina biyan ƙarin rabin abin da kike biya shekara biyu da suka wuce, da kuɗin da bai motsa ba. Ki rubuta masa lissafin nan a takarda, ya fi dogon bayani tasiri.

Akwai kuma wani abu. Alƙaluman da hukumomi suke fitarwa matsakaici ne na kaya iri-iri, har da waɗanda gidanku ba ya saya sai shekara-shekara. Abinci yana iya tashi fiye da sauran. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nazarci yadda iyalan ma'aikata suke kashe kuɗinsu, ya gano cewa duk yadda samun gida ya yi ƙasa, kason da abinci yake cinyewa a cikinsa yana yin sama. Mai hali idan abinci ya yi tsada ɗan gefen albashinsa aka taɓa. Wanda fiye da rabin samunsa a ciki yake tafiya, shi tsadar ta kama shi gaba ɗaya.

Kuma ba daga ɗakin girkinki abin ya faro ba. A watan Maris na 2022 ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba, makonni kaɗan bayan Rasha ta kai wa Yukren hari. Ƙasashen biyu a lokacin su suke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake sayarwa tsakanin ƙasashe, ga man girki, ga takin zamani. A watan Yuli na 2023 Indiya, wadda ta fi kowa fitar da shinkafa, ta dakatar da fitar da farar shinkafa in ban da mai ƙamshin nan da ake kira basmati. Ki haɗa da tsadar man fetur da ake dakon abincin da shi, da faɗuwar darajar kuɗi a ƙasashe da yawa. Ko farashi ya sauka a kasuwar duniya, yakan daɗe kafin saukar ta iso wurin mai awo.

To, abin yi. Ki samu ɗan littafi, ki yi wata guda cur kina rubuta duk abin da kika saya: ranar, kayan, yawansa, kuɗinsa. Yawan nan kada ki tsallake shi, domin masu kamfani sun koyi barin farashi yadda yake su rage abin da ke cikin leda ko gwangwani, sai ki ga abin da yake yi miki kwana biyar ya koma kwana huɗu. Har ashana da gishiri ki rubuta. Idan watan ya cika, ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara ba sa kusa, ki miƙa masa littafin ki ce ya taya ki duba inda za a rage. Kada ki fara da neman ƙari. Namijin da aka ce ya ƙaro kuɗi yakan fara kare kansa, wanda aka nemi shawararsa kuwa yakan zauna ya duba. Idan da hali ki roƙe shi ya yi cefanen mako ɗaya da kansa, ya riƙe jerin kayan a hannu. Ki kuma saka ƙaninsa a lissafi a matsayin baligi mai cin cikakken kwano, ba don a ƙyashe shi ba, sai don a san bakin mutum nawa ake ciyarwa.

Ki shirya wa abu ɗaya: littafin zai iya nuna miki taki kafar da kuɗi ke zurarewa. A yawancin gidajen da na sani ba hatsi ne ke cinye kuɗin ba, ƙananan abubuwa ne da ake aike a sayo kullum: sukari, kayan ɗanɗano, lemon kwalba, biskit ɗin yara, burodin da ake ƙarowa don an makara ba a yi girki ba. Idan kin ga haka, ki faɗa masa da bakinki kafin ya gano. Hakan zai sa ya gaskata sauran lissafin.

Daga nan sai ki sauya yadda kike riƙe kuɗin. Ranar da ya shigo hannunki ki fara sayen abin da ba ya lalacewa na wata guda, hatsi, wake, mai, gishiri. Ragowar ki kasa shi kashi huɗu, kowane mako da nasa, a ajiye daban-daban. Na mako mai zuwa ba a taɓa shi a wannan makon. Sannan ki tsayar da kofi ɗaya na awo, ki san kofi nawa ke ƙosar da gidanku, ki daina zuba shinkafa da ido.

Anti barka da aiki. Ni magidanci ne. Bara na daure na sayi buhun wake da na masara don in huta da awo. Kafin wata uku ƙwari sun huda waken ya koma gari, masarar kuma ta fara wari. Wani ya ce bana in jefa ƙwayar maganin ƙwari a cikin buhun in ajiye a ɗaki. Shin sayen buhu yana da riba kuwa, ko in koma awon kullum?

Malam, ka bar maganar ƙwayar nan tukuna, da ita zan fara don rai ne a ciki. Ƙwayar da ake jefawa a hatsi yawanci aluminium phosphide ce. Da ta sha danshin iska sai ta saki wata iska mai guba da ake kira fosfin, wadda ba ta bambance ƙwaro da mutum. An rasa iyalai a ƙasashe da dama saboda an sa ta a ɗakin da ake kwana ko ɗakin da ke manne da shi, kuma yara ne suka fi saurin tafiya. Aikin ƙwararru ce a rumbun da ke nesa da mazaunin mutane. Kada ta shigo gidanka. Haka ma maganin feshi na gona, ba a zuba shi a kan abin da za a ci.

Sayen sari yana da riba, babu shakka. Mai sayen ɗan ƙulli kullum shi ya fi kowa biya da tsada, domin duk hannun da kayan ya ratsa kafin a ƙulla shi ya ɗora tasa ribar. Lokacin kaka kuma hatsi ya fi sauƙi. Amma ribar tana tabbata ne idan kayan ya kai ranar da za a ci shi lafiya. Abin da ya same ka bara abu biyu ne, danshi da iska.

Hatsin da za a ajiye sai ya bushe ƙarau, danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari. Ba ka buƙatar na'ura. Ka samu kwalba busasshiya, ka zuba hatsin ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza sosai, ka bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, sai ka shanya a rana a kan leda ko tabarma, ba a ƙasa tsura ba. Ka bari ya huce kafin ka ɗura.

Ƙwarin wake kuwa yawanci da su ka sayo, ƙwansu yana jikin waken tun daga gona ko rumbun ɗan kasuwa. Suna buƙatar numfashi kamar kowace halitta. Idan ka ɗura waken a jarka ko ganga mai murfin da iska ba ta ratsawa, ka cika ta har baki, ka toshe, ƙwarin da kansu za su shaƙe 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. A kan wannan hikimar masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙera buhun da ake kira PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne ana ɗaure bakinsa daban. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa, kuma kada ledar ta huje. Shi ya sa na fi son ƙananan jarkoki da yawa a kan babbar ganga ɗaya: ka buɗe ɗaya ku cinye, sauran suna rufe. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ta shiga wannan aikin ko an wanke ta. Ka ɗora kayan a kan katako, ka janye su daga jikin bango.

Masarar da ka ce ta yi wari, ina fata ba ku ci ba. Funfunar da ke kama masara da gyaɗa masu danshi tana fitar da guba mai suna aflatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, niƙa ba ya ɓoye ta. Kaɗan-kaɗan tana lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, da yawa kuma tana iya kisa cikin kwanaki. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin masarar da ta kamu. Don haka idan ka ga hatsi ko gyaɗa mai arha fiye da kima, launinsa ya sauya ko yana warin ruma, ka wuce. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne. Kada ka ci bashi mai kuɗin ruwa don sayen buhu, ruwan zai cinye ribar. Kada ka juye duk abin da ke hannunka a hatsi har a rasa na asibiti. Idan buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya ku raba a gaban juna. Gari ya fi tsaba saurin lalacewa, don haka a riƙa niƙa na mako biyu kawai. Ka kuma sani cewa buhu a ɗaki yana buɗe hannu: ana gani da yawa sai a riƙa ɗiba ba awo. Ku zauna da uwargida ku tsayar da abin da za a fitar kowane mako.

Anti ni amarya ce, mu biyu ne kawai a gida, amma gas ba ya daɗe mana, kuma kusan kullum sai na zubar da ragowar abinci don ban iya dafa kaɗan ba. Ki taimaka min.

Amarya, Allah Ya ba da zaman lafiya. A gidan da kika taso an saba dafa wa mutane da yawa, hannunki bai riga ya koyi girkin mutum biyu ba. Ki auna da kofi, ki lura da abin da ya rage, gobe ki rage daidai wannan. Cikin kwanaki kaɗan za ki kama awonku.

Ba ke kaɗai ba ce. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya a duniya, kuma kashi 60 cikin ɗari daga gidaje ya fito. Abin da ya fi ba ni mamaki a rahoton shi ne bambancin da ke tsakanin gidajen ƙasashe masu arziki da masu matsakaicin hali bai taka kara ya karya ba.

Ragowar abinci ba abin zubarwa ba ne, amma yana da ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Ki raba shi a ƙananan robobi don ya huce da wuri, ki sa a firji. In za ki ɗumama, ya yi zafi har tsakiya yana tururi, kuma sau ɗaya kawai. Ki fi kula da shinkafa: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dafuwa, idan shinkafar ta kwana a waje ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Idan ba ki da firji, ko wutar ba ta tsayawa, mafita ita ce dafa daidai ci.

Batun gas kuwa, ki yanka komai ki wanke ki jera kafin ki kunna wuta. Ki rufe tukunya. Da zarar ta tafasa ki rage wutar, domin ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wutar, ƙarin gas ɗin tururi kawai yake zama. Wake ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, zai nuna da wuri. Idan kin samu tukunyar matsi, mai murfin da ke kulle tururi, a kayan aurenki, ki fito da ita, tana kai zafi wajen digiri 120, shi ya sa wake da nama mai tauri suke laushi cikin ɗan lokaci. Harshen wutar ya zama shuɗi. In ya koma ja yana baƙanta gindin tukunya, kan murhun ya toshe, gas yana tafiya a banza, sai a wanke.

Anti, na karanta cewa a raba albashi uku: kashi 50 buƙatun dole, 30 sha'awa, 20 ajiya. Ni abinci da haya da kuɗin mota kaɗai sun cinye kusan duka. Ko ni ne na kasa? Daga wani matashi ma'aikaci.

Ba ka kasa ba ɗana. Wannan tsarin wata malamar jami'a, Elizabeth Warren, da 'yarta suka yaɗa shi a Amurka a 2005, kuma an gina shi ne a kan gidan da rabin samunsa yake isar buƙatun dole. Naka bai kai nan ba tukuna. Ka ɗauki abu ɗaya daga ciki, wato cire ajiya ranar da albashi ya shigo, ko da kashi 2 ko 3 ne, ka sa inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi. Burin farko shi ne ka tara abin da zai hana ka cin bashi ranar da rashin lafiya ta zo. Idan kana da bashin manhajojin waya masu tsananin kuɗin ruwa, shi za ka fara kashewa kafin ajiya. Ka kuma lissafa abin da cin abinci a waje yake ci maka a wata, ka gwada tafiya da naka wurin aiki.

Anti, mijina ya rasu ya bar ni da yara uku, ƙaramar watanta goma. Ina ɗan ɗinki. Nama sai mu yi wata ba mu gani ba. Ina rage nawa cin don su ƙoshi, amma ina tsoron kada rashin naman ya cutar da su. Me zan riƙa ba su?

Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya raya abin da ya bari, Ya ba ki ladan wannan ɗawainiya. Ki kwantar da hankalinki a kan nama. Yaro yana iya tashi lafiya lau ba tare da yana cin sa kullum ba, muddin ana haɗa masa abincin da kyau.

Busasshen wake kashi 20 zuwa 25 cikin ɗarinsa sinadarin gina jiki ne, gyaɗa ma haka, waken soya ya fi su duka. Hatsi yana da ƙarancin wani sashe na wannan sinadari da wake yake da shi, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi yake da shi, shi ya sa idan suka haɗu a cikin abincin yini ɗaya suke cike wa juna. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kuma jiki yana amfana da shi sosai. Ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya suna ba da abin gina ƙashi, ki daka su ki riƙa barbaɗawa a miya. Ranar da kika samu ɗan kuɗin nama, ki sayi hanta maimakon tsoka, 'yar kaɗan sau ɗaya a mako tana taimakawa wajen kare mutum daga ƙarancin jini. Ganye mai duhun kore kada ya yanke a tukunyarki, ki sa masa ɗan mai don jiki ya iya ɗaukar amfaninsa. Ɗan lemo ko tumatir tare da wake yana taimaka wa jiki ya sha sinadarin ƙarin jinin da ke ciki, shayi kuwa yana hanawa, don haka a raba lokacinsu. Abin da za ki yanke ba tare da nadama ba shi ne lemon kwalba, alewa da biskit. Kuɗinsu ya sayi ƙwai.

Ƙaramar ita ce ta fi buƙatar ido, domin abin da yaro ya rasa daga ɗaukar cikinsa zuwa cikarsa shekara biyu da wuya a rama shi daga baya. Ki ci gaba da ba ta nono, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a kai shekara biyu ko fiye. Cikinta ƙarami ne, don haka kada ki tsinka mata abinci da ruwa don ya yi auki. Ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, ki dama da garin gyaɗa ko na soya, ko ki murƙushe mata dafaffen ƙwai a ciki, sau uku zuwa huɗu a yini. Ki zuba mata a kwanonta daban, in ba haka ba yayyenta za su riga ta.

Rage cin da kike yi kuwa, ina roƙonki ki daina. Kina shayarwa, kina taka keke, ke kaɗai suke da ita. Idan kika kwanta ciwo, kuɗin magani da kwanakin da ba ki yi ɗinki ba za su fi abin da kika rage yawa.

Tattali yana da iyaka, 'yar'uwa. Idan abin da ke shigowa bai kai ba, babu dabarar girkin da za ta cike giɓin, kuma wannan ba laifinki ba ne. Dangin mahaifinsu suna da haƙƙin yaran nan a wuyansu. Ki je musu da buƙata bayyananna, kamar awon hatsi na wata ko kuɗin makarantar babban, domin mutane sun fi amsa abin da aka ambata musu da suna. Ki kuma riƙa kai ƙaramar awo asibiti. Idan kika ga ƙafafunta biyu sun kumbura, ko gashinta ya yi laushi ya sauya launi, ko ta daina karɓar abinci, kada ki jira ranar awo. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da wani ɗan tef, ƙasa da santimita 11.5 alamar tamowa ce mai tsanani, kuma akwai abinci na musamman da ake warkar da ita da shi idan an kai yaro da wuri.